Turaren Baƙi da Hancin Barewa

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an tashi daga sujada, domin a nan Doha ranar Juma'a muke zuwa coci, na biya ta unguwar Fereej Abdel Aziz in kai wa ƙanen mijina daddawa. Na tarar da ɗakinsu cike da samari, kowa da wayarsa a hannu. Wani mai suna Yohanna, wanda har yau takardar jirgi na maƙale a jakarsa, ya dube ni ya ce, "Anti, ki yi mini hanya a gonarku mana. An ce aikinku ku kafa bukka ku shige ciki kuna kallon barewa." Ɗaki ya ɗauki dariya. Ban samu na ba shi amsa ba, don a lokacin 'yata Godiya ta gano soket a bango tana gwada ko yatsanta zai shiga. To ga amsar, na rubuta a saka muku a guruf. Karatuna a firamare ya tsaya, wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa.

Gonar da nake aiki tana can bayan Al Rayyan, inda gidaje suka ƙare yashi ya karɓa. Kafil ɗinmu, wato mai gonar da ya yi mana takardun zama, yana kiwon barewa a cikin wani fili da aka kewaye da waya. In ka tsaya a wannan gefe ba ka hango wancan. Mijina Ishaya yana gyaran injinan ruwa. Ni ɗinkin labule da rigunan matasai aka kawo ni in yi. Ba wanda ya kawo ni don barewa.

Aikin farko na same shi ne da bakina. Manajan gona, wanda kowa ke kira Mudir, ya sayo wata bukkar ɓuya daga kanti, koriya shar, an zana mata ganyen dajin da ba a taɓa gani a ƙasar nan ba. Ya sa aka kafa ta a tsakiyar farin yashi. Na ce wa Ishaya da Hausa, "Kalli kabeji a faranti. Barewar da ba ta ga wannan ba, a kai ta asibitin ido." Malam Sani, direban da ke kai wa dabbobi abinci, mutumin Katsina, ya yi dariya har ya riƙe ƙofar mota. Mudir ya ce a fassara masa. Malam Sani, Allah ya saka masa, ya fassara har da farantin. Mudir ya kalle ni ya ce, in na iya in yi. Tun ran nan nake yi.

Ba daga sama na iya ba. Babana maharbi ne a ƙauyenmu na ƙasar Bauchi, kuma 'ya'ya maza sun makara wajen zuwa, don haka ni ce mai ɗaukar igiya. Makarantarsa ba ta da allo, ranƙwashi take da shi. Ka taka busasshen ganye, ranƙwashi. Ka yi tari, ranƙwashi. Yakan ƙulla toka a tsumma, in mun isa wuri ya kaɗa ta, mu ga inda iska ke kai ƙurar. Inda tokar ta nufa, can warinka ke zuwa, kuma can dabba ba za ta fito ba. In zai ɗaura gado a kan bishiya don jiran gada, ba ya buga ƙusa, ya ce ƙusa tana kuka in mutum ya gyara zama. Kuma in na ɗaura, ni ce zan fara hawa in yi tsalle a kai. Ya ce in igiyata ƙarya ce, gara ta kayar da mai ita.

Kayan aikina ba su da kwarjini, Yohanna, kada ka sa ran hoto. Basilla, zaren buhu, almakashi, igiya, tsani, zarɓar dabino, da buhunan algarara. Sai tokata a tsumma, wadda Mudir ya daɗe yana zaton magani ne. Buhu sabo ba ya shiga aiki. Sai na binne shi a yashin da barewa ke kwana, ya sha fitsarinsu da kashinsu har warin kanti ya mutu, sannan in tono in ɗinka da hannun da zan ci abinci da shi. Ba a barin gefe ko ɗaya yana lilo, domin iskar nan ba ta hutawa, kuma tsumma ɗaya in ya kaɗa, garke ya tafi. Taga siririya ce, daidai idon mutum yana zaune. Ƙofa ta baya. Ƙasan bukka a tsince tsakuwa tas a zuba yashi mai laushi. Sannan a bar ta a wurin tun kafin baƙi su fara zuwa, har dabbobi su gaji da zarginta.

Gadon bishiya kuwa, sai an fara samun bishiyar. Abin da ake kira bishiya a nan, a garinmu akuya ba za ta yi masa miƙewa ba. Muna da 'yan itatuwan kurna da aka dasa, ana ba su ruwa ta siririn tiyo, kuma mai gona ya san kowane reshe kamar ɗansa. Ba sara, ba ƙusa, ba karya ƙaya. Don haka ƙafafu nake kafa wa gadon, in jingina shi da kurnar, in saƙa zarɓa ta cikin rassa har ya zama kamar bishiyar ce ta yi ƙiba. Ƙayar kurna lanƙwasasshiya ce, in ta kama ka sai ta karɓi rabonta. Ku duba hannuna in mun haɗu. In na gama, ni zan fara hawa in yi tsalle. Sai Ishaya ya hau. Sai mu biyu da buhun dusa, domin baƙin da za su hau ba azumi suka zo yi ba. Ina sama ina tsalle, idona na ƙasa, inda na zaunar da Godiya a inuwa da gargaɗin kada ta ci yashi, tana ci.

Masu hawa kashi uku ne. Akwai likitan dabbobi, mai harba allurar barci in zai duba mara lafiya. Shi ba ruwansa, ya hau ya yi shiru. Akwai masu kyamara mai dogon baki. Sai manyan baƙi, waɗanda mai gona ke ba wa izini su harbi guda a gasa musu. Waɗannan su ne aikin. Mutum zai zo ɓuya cikin farar riga mai ƙyalli, wadda ake hangowa tun daga titi. Na ɗinka musu rigunan sawa a kai masu launin yashi, sai suka riƙa yafawa a kafaɗa ɗaya don hoto. Wani ya leƙa bukkata ya tambaya ina na'urar sanyi. Wani ya amsa waya yana kan gado, ya yi ciniki da ƙarfi, ya sauko yana cewa gonar ba dabbobi. Wani kuma ya roƙe ni in gaya wa barewa su fito ta ɓangaren da rana ba ta kashe masa ido. Na ce to, zan sanar da su.

Duk da haka aiki na tafiya, saboda a lokacin da sassafe ake fita. Mutum ya tashi daga barci, ya wanke fuska, a kawo shi. Shekarar da ta lalace ita ce shekarar da mai gona ya kafa babbar rumfar baƙi a bakin fili, aka mai da fita zuwa bayan la'asar. Sai an ci shinkafa da rago, an sha gahawa, sannan a kawo kaskon turaren wuta. Ku da kuke gadi a kantuna ba ku san wannan ba. A nan ba a sallamar baƙo sai kasko ya zagaya. Kowa ya karɓa, ya tara gemu, ya buɗe mayafin kansa hayaƙi ya shiga, ya tura hammata ta dama da ta hagu, ya miƙa wa na kusa. Itace ne mai tsada, ƙamshinsa na kwana a tufafi. Daga nan kai tsaye sai cikin bukkar da na yi wahalar binne buhunanta a kashin barewa.

Duk sanyin shekarar, barewa ko ɗaya ba ta zo kusa ba. Ana hango su can ƙarshen waya, sun ɗaga hanci, suna kallonmu kamar masu bin bashi. Baƙi su zauna har rana ta faɗi su sauko da bindiga a sanyaye. Mai gona ya ji kunya a gaban mutanensa, kuma kunyar babba ba ta tsayawa a kansa, gangarowa take. Ta sauka kan Mudir, Mudir ya waiwaya ya ga wa ya fi kowa ƙanƙanta a gonar.

Ya same ni ina gyaran tsani, Godiya na goye. Lokacin ta fara tafiya ke nan. Turancinsa da nawa duk guragu ne, amma mun fahimci juna. Ya nuna bayana ya ce, "Ita ce matsalar. Kuka, da warin yara."

Na ce, "Mudir, bara ma tana nan, har ta fi kuka."

Ya ce, "Bara ƙarama ce."

Na ce, "Wato warin ne ya girma?"

Ya ce, "Khalas, magana ta ƙare. Ba a ajiye yara a gona, alfarma aka yi muku. In sanyi ya dawo dabbobi ba su fito ba, ki tura ta Najeriya, ko ki bi ta."

Na gwada masa. Ranar da wasu baƙi suka zo, na bar ta a ɗaki da ubanta, ko ƙofa ba ta leƙa ba. Barewa ba su fito ba. Mudir ya ce ai warinta ya riga ya kama buhunan. Yarinyar da ba ta kai buhun dusa nauyi ba, ita ce ta kori garke guda daga fili, amma maza goma sha da suka yi wanka da hayaƙi ba su da laifi.

Kada ku ɗauka ni kaɗai na gane. Likita ya sani. Mudir da kansa ya sani, hanci gare shi. Na ce wa Malam Sani, "Kai da kake jin Larabci, ka gaya wa mai gona mana."

Ya ce, "Maman Godiya, in ce masa me? Ranka ya daɗe, turaren da kake karrama baƙinka da shi dabba ma gudunsa take? Ni ma ina da 'ya'ya a Katsina."

Na ce, "To a hana baƙin karɓar kasko."

Ya ce, "Ki hana. Ni zan kai ki filin jirgi kyauta."

Ishaya kuwa cewa ya yi, "Mu kai ta wurin Mama, ai ba a daji za ta zauna ba." Mama tana da ciwon ƙafa, kuma rijiyar gidanmu ba ta da murfi. Na dai daina sa masa nama a miya na ɗan lokaci.

Wata safiya, zafi ya fara shigowa, baƙi sun ɗauke ƙafa, ina kwance igiyoyin wani gado don kada rana ta cinye su, sai ga Malam Sani da motar abinci. Ku san motar nan. Tsohuwa ce, hayaƙinta baƙi, tana warin gas, ƙofarta na ƙara, shi kuma ya ƙure wa'azi a rediyo. Duk dokar da babana ya koya mini da ranƙwashi, motar nan ta karya ta. Amma ina daga sama na ga barewa sun taso a guje daga ƙarshen waya, suna rige-rigen zuwa wurinta. Na zauna a kan gadon na daɗe ina kallo. Ashe ba wari suke gudu ba. Warin da bai taɓa kawo musu abinci ba suke gudu.

Na sauko na ce, "Malam Sani, gobe zan bi ka da kasko."

Ya ce, "Kaskon me?"

Na ce, "Na turare."

Ya kashe rediyo ya kalle ni. Ya ce, "Gyaran amarya za ki yi wa barewa? Wa zai aura?"

Na fara da turaren kanti mai araha, na ɓata makonni a banza. Sun saba da shi, amma da na gwada musu ɗan guntun na baƙi, suka watse. Barewar attajiri ta san na tsada da na talaka. Sai na lallaɓa wurin mai dafa gahawa, wanda ke share kaskon rumfa, ya riƙa tara mini guntayen itacen da ba su gama ƙonewa ba, waɗanda da zubarwa yake. Da su na yi aikin.

Ga yadda ake yi, ga mai cewa zama ne. Ka tashi kafin rana ta yi ƙarfi, ka hura gawayi, ka kaɗa toka ka ga iska, ka ajiye kasko nesa da kwamin abinci ta inda hayaƙi zai ratsa su kaɗan. Sannan a zuba ciyawa da dusa. Ba turare, ba abinci. In sun ci, bayan kwana biyu ka matso da kasko. In sun ƙi, ka koma baya. Da fari sun ƙi ci sam, suka tsaya nesa, har Mudir ya zo yana ihu wai zan kashe dukiyar mutane da yunwa. Zafin ƙasar nan kun san shi, ga gawayi a hannu, ga yarinya a gidan gaba na mota ina leƙa ta kowane motsi ko ta taɓa giyar motar, ko ta sha ruwa, ko jan da fuskarta ta yi na zafi ne ko na zazzaɓi. Wata tsohuwar barewa mai yagaggen kunne ce ta fara karya yajin. Ta zo, ta yi atishawa, ta sa baki a kwami. Washegari ta zo da 'yarta. Kafin zafi ya sauka, ko motar ba ta zo ba, in na ɗora guntun itace a wuta sai ka ga kawuna suna ɗagowa ko'ina a fili.

Ranar baƙin farko na sabon sanyi, na bar Godiya da ubanta na kulle ƙofa ta waje. Aka ci, aka sha, kasko ya zagaya, kowa ya tara gemu da hammata. Na kai su bukkoki, na riƙe wa mai ƙiba tsani ya hau gado. Ban gama komawa bayan mota ba na ga garke ya taso, mai yagaggen kunne a gaba, kai tsaye zuwa ga fararen riguna, kamar an kira su rabon kaya. Masu kyamara suka yi ta ɗauka. Daga kan gado bindiga ta tashi sau ɗaya. Da yamma aka yi gashi. Mudir ya gaya wa mai gona cewa sabon tsari ne da ya daɗe yana nazari a kai. Allah ya ƙara ilimi. Washegari ya ba Godiya alewa ya shafa kanta, ba a sake maganar Najeriya ba har yau.

Da a nan labarin ya ƙare, da na ce ka zo, Yohanna.

Ranar Kirsimeti na ɗinka mata riga ja mai tattara. Ina da sauran guntun itacen nan, na ce 'yata ma ta ɗana abin manya sau ɗaya. Na kifa rigar a kan kasko ta sha hayaƙi, na sa mata. Daga ɗakinmu zuwa ƙofar gona, inda motar zuwa sujada ke ɗaukarmu, hanya ta ratsa gefen filin ta ciki. Ina gaba da kular shinkafa a ka, tana biye tana waƙa. Sai na ji waƙar ta koma dariya. Na juya. Barewa ne kewaye da ita, mai yagaggen kunne ta cusa hanci a tattarar rigar, sauran suna ta tahowa. A bayansu kuma ga kurna, ga gadon da na ɗaura da hannuna, tagar da na bari a zarɓarsa na kallon daidai wurin da take tsaye. Na san daidai ne, ni na auna. Ba kowa a kai ran nan. Amma baƙi ba sa gaya mini ranar zuwansu kullum, kuma na ga irin saitin wasunsu.

Na ajiye kula a ƙasa, na tuɓe mata rigar a wurin, na naɗe ta a zanena. Da tsohuwar rigar gida ta je Kirsimeti. Jar rigar na wanke ta sau ba adadi, daga baya na ba da ita.

Tun ran nan turare bai sake taɓa jikinta ba. Ba na wuta, ba na fesawa, ba man shafawa mai ƙamshi. Sabulun wanki nake mata wanka da shi. In baƙi suka miƙo hannu za su ɗauke ta, sai in ce tana mura. Matan zumunta sun sa ni gaba. Wata nas ta ja ni gefe ta ce, "Maman Godiya, in kuɗi ne ki faɗa, 'ya mace ce fa. Duk Doha ita kaɗai ce ba ta ƙamshi." Na ce na gode, Anti, fatarta ce ba ta so.

To, Yohanna, in har yanzu kana son aikin zama a bukka, ka zo. Akwai buhunan da ke jiran tonowa, akwai gadon da ke neman mai tsalle. Amma wannan turaren da ka cika ɗakin ƙanen mijina da shi, wanda ya bi ni har cikin jirgin ƙasa, ka bar shi a Fereej Abdel Aziz. A gonarmu duk mai ƙamshi, ko dai yana bayan bindiga, ko yana gabanta. Ni kuwa tun da na zo ban taɓa ganin an ba ɗan garinmu bayanta ba.